Waya ta riga malami shiga aji: me ya kamata makarantun Zariya su koya wa yara game da intanet?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan. Daga 2021 kuma ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda ɗalibi zai tura ta saƙon waya kafin a ba shi lambar da zai ci gaba da ita. Ita ma WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta a ƙashin kansu a 2024. Ke nan duk yaron da ke mafarkin shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan Kwarbai ne ko ɗan Tudun Wada, ɗan Samaru ko na ƙauyukan Giwa, dole hanyarsa ta ratsa ta intanet. Maganar a bar yara su shiga ko a hana su ta riga ta wuce. Abin da ya rage a tattauna shi ne wa zai koya musu zaman wurin, kuma me zai koyar.

Abu biyu ne ake yawan cakuɗawa. Na farko iya sarrafa na'ura: kunna kwamfuta, buga rubutu, aika saƙon imel, cike fom. Na biyu iya hukunci: gane gaskiya daga ƙarya, sanin abin da ake ɓoyewa da wanda ake bayyanawa, sanin haƙƙin mutanen da ba ka ganin fuskarsu, da sanin inda doka ta ja layi. Makarantunmu sun daɗe suna fama da na farko, shi ma da ƙyar. Wanda ya taɓa leƙa darasin kwamfuta a makarantar da ba ta da wuta ya san yadda abin yake. Malam ya zana kwamfuta a allo da alli, ya ja kibiya zuwa kowane sashe, yara su haddace sunayen da Turanci, su zuba a jarrabawa, su ci. Yaron nan da ya ci, shi ne bayan isha'i zai karɓi wayar Ummansa da sunan zai duba aikin gida, ya shige TikTok sai dare ya raba. A cikin abin da ya haddace da safe babu ko kalma ɗaya da za ta amfane shi a can.

Gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu a 2025, wadda ta ba fasahar zamani gurbi tun daga manyan azuzuwan firamare har sakandare. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, kuma ta ce burinta kashi 70 cikin ɗari na 'yan Najeriya su san makamar fasahar zamani kafin ƙarshen 2027, a kai kashi 95 a 2030. Buri ne mai kyau, ina kuma fatan a cim ma sa. Tsorona kawai kada a auna nasarar da yawan kwamfutocin da aka raba da yawan yaran da suka iya buga rubutu, a bar ɓangaren hukunci, wanda shi ne ke ceton mutunci da dukiya, wani lokacin har da rai.

Mu fara da tantance labari, don a nan muka fi shan wahala. Duk wanda ya yi wayo a watan Agustan 2014 zai tuna daren da wayoyi suka yi ta ƙara, 'yan uwa na tashin juna daga barci cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai maganin cutar Ebola ne. Kafin gari ya waye saƙon ya karaɗe ƙasa. An kwantar da mutane a asibiti, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2. Waɗanda suka yaɗa saƙon ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa su, kowa na so ya tsirar da nasa. A 2018 jita-jita ta yi ƙarfi cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jubril daga Sudan, har sai da shi kansa ya fito a ƙasar Folan ya ce shi ne dai. A 2018 ɗin dai kuma binciken BBC ya nuna yadda hotunan gawarwaki da aka ɗauko daga wasu wurare, aka liƙa su a Facebook da sunan rikicin Filato, suka ƙara rura wutar kashe-kashe. Jihar Kaduna ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da jita-jita ke jawowa tsakanin maƙwabta.

Kada a ɗauka matsalar ta talaka ce ko ta wanda bai yi boko ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada dubban ɗalibai, suka gano fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya raba talla da labari ba. Yara ne da suka tashi da waya a hannu, ga wuta ga intanet mai sauri. Daga baya masu binciken suka lura da wani abu mai amfani: ƙwararrun masu tantance labari ba sa tsayawa suna ƙura wa shafi ido don su ga ko ya yi kama da na gaskiya. Barin sa suke yi nan take, su je wasu wurare su bincika waye mai shafin, kuma me wasu suka ce a kansa.

Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a garin malamai irin Zariya. Yaron da ke zuwa Islamiyya ya san ba a karɓar hadisi sai an tambayi isnadinsa: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi wannan ɗin amintacce ne? Ya haddace aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta yi umarni da a nemi tabbaci idan fasiƙi ya zo da labari. Ya ji hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Abin takaici shi ne ba mu taɓa nuna masa cewa saƙon da aka turo masa a WhatsApp, mai ɗauke da kibiyoyi biyu alamar an yi ta tura shi hannu zuwa hannu, riwaya ce mai yankakken isnadi ba. Ilimin yana aji ɗaya, wayar tana wani, ba wanda ya gabatar da su ga juna. A ganina wannan haɗin shi ne mafi arha kuma mafi ƙarfin abin da za mu iya yi, kuma ba ya buƙatar janareta.

Ga yadda darasin zai iya kasancewa. Malama ta kwafi wani saƙo da ke yawo ta rubuta a allo, irin mai cewa gwamnati na raba tallafin karatu, a danna nan a cike, a kuma tura wa guruf 5 kafin ƙarfe 12 na dare. Sai ta tambayi aji: "Wa ya rubuta wannan?" Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yayana ne ya turo min." "Shi wa ya turo masa?" Shiru. "Wace hukuma ce? Ina sunanta? Me ya sa ake gaggawa? Me ya sa sai kin tura wa wasu kafin a ba ki?" Sannan a duba adireshin shafin harafi bayan harafi, a nuna musu cewa shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa, wannan kuwa wani dogon suna ne mai ɗauke da kalmar kyauta. Idan akwai waya ɗaya mai data a ajin, a ɗauki wani hoto da ake yaɗawa a bincika asalinsa ta Google, yara su gani da idonsu cewa hoton shekarunsa da yawa kuma daga wata ƙasa yake. A nuna musu akwai masu wannan aikin musamman, kamar Dubawa da Africa Check. Yaron da ya kama ƙarya da hannunsa sau ɗaya ya fi wanda aka yi wa nasiha zango guda.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Ana iya ɗaukar muryar malami sananne a sa ta faɗi abin da bai faɗa ba, a haɗa bidiyon shugaba yana tallar wata harkar zuba kuɗi. Mu da yawancin labarinmu ta saƙon murya yake yawo, kuma da Hausa, harshen da kamfanonin nan ba su sa masa ido kamar yadda suke sa wa Turanci, mun fi kowa zama cikin haɗari. A da ana cewa gani ya kori ji. Dole a gaya wa yara ƙarara cewa yau ganin ma sai an bincika.

Sai batun sirri da damfara, wanda ya fi sauƙin koyarwa don ƙa'idojinsa kaɗan ne. Mutum zai kira yaro ya yi sallama cikin ladabi, ya ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai yake ko na wani karatu, za a yi taro ta intanet, an turo masa lambobi 6, ya karanto. Da ya karanto, WhatsApp ɗinsa ya tafi. Cikin ɗan lokaci kawunsa da gwaggonsa sun fara samun saƙo da sunansa: "Don Allah a taimaka min da dubu biyar, ina cikin matsala, zan mayar gobe." Maganin wannan minti biyu ne: a kunna matakin tsaro na biyu a saka lambar sirri, a kuma riƙe doka ɗaya, cewa duk lambar da ta shigo wayarka taka ce kai kaɗai, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake. Haka NIN da BVN, lambobi 11 kowannensu, ba abin rubutawa a takarda a miƙa wa kowa ba ne.

Akwai wani kuskure da na sha gani lokacin rajistar JAMB. Yaro ya je shagon intanet, mai shago ya buɗe masa imel, shi ya zaɓa masa kalmar sirri, wani lokacin ma da layin wani aka yi rajistar. Bayan watanni, lokacin duba sakamako ko karɓar gurbin karatu, yaro bai san imel ɗin ba, layin kuma ba a hannunsa yake ba. Sai a shiga zarya. Darasin minti 40 a aji biyu na babbar sakandare, inda kowa zai buɗe imel da kansa ya kuma san yadda ake dawo da shi idan ya ɓace, zai kawar da wannan gaba ɗaya.

Game da kuɗin banza, tarihi ya ishe mu misali. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, kuma tsakaninsu an yi wasu da dama da sunaye daban amma dabara ɗaya: kuɗin sabon shiga ake biyan tsohon shiga da shi, ranar da sababbi suka ƙare a rufe. Malamin lissafi zai iya nuna wannan a allo, yara su lissafa mutum nawa ake buƙata a zagaye na 10 idan kowa sai ya kawo 3. Cacar ƙwallo ta waya ma nan ne gurbinta, don ta shiga samarinmu fiye da yadda iyaye suke zato.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne wanda yaro ba shi ake cuta ba, shi ne mai cutarwa, kuma bai ma san ya yi ba. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya kalli sa'an babansa ba, shi ne zai zage shi tas a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook, don a ransa can ba mutane ba ne, sunaye ne kawai. A guruf ɗin aji za a ɗauki hoton wata tana barci ko wani mai yagaggen takalmi a mayar da shi abin dariya. A da idan aka tsokani yaro a makaranta, da an tashi ya huta. Yanzu tsokanar tana bin sa har kan katifarsa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi haka, don ko ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonta ya ajiye. Aya ta 11 da ta 12 a surar nan dai ta Hujurat sun hana izgili da jifa da miyagun laƙubba da bin diddigin asirin mutane da giba. Ba sabon wa'azi ake buƙata ba, ambaton wurin ake buƙata: a ce wa yara tura hoton hirar wani ba da izninsa ba tonon asiri ne, sa dariya a ƙarƙashin cin mutunci shiga cikin laifin ne.

Ga 'yan mata abin ya fi muni. Wani zai ɗauki watanni yana lallaɓa yarinya da kalamai, ya nemi hoto, ya nemi wanda ya fi shi, ranar da ya samu sai murya ta canza: ko ta turo kuɗi, ko ta zo inda yake, ko ya watsa. Samari ma ana yi musu. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfarar, abin da ke nuna sana'a ce da wasu suka riƙa. Makamin mai wannan aiki ɗaya ne, tsoron da yarinyar ke yi wa gidansu. Ya san ta gwammace ta saci kuɗi ta ba shi da ta tunkari Babanta. Saboda haka rabin darasin nan na iyaye ne. Yarinyar da ta san idan ta ce, "Umma, na yi kuskure, wani yana yi min barazana," za a fara tsayawa a bayanta kafin a yi mata faɗa, ta fi ƙarfin mai barazanar. Ya kamata kowace makaranta ta sami malama guda da yara mata suka san za su iya zuwa wurinta maganar ta tsaya nan. Abin da za a koya musu a fili yake: kada a biya, kada a goge shaidar, a toshe shi, a gaya wa babba.

Doka ma tana nan, yara kuma ba su sani ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta tura saƙon batsa da yaɗa abin da mutum ya san ƙarya ne don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. A ƙarshen 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Mutane da yawa na ganin ana amfani da dokar wajen toshe bakin masu suka, kuma ƙorafin yana da tushe. Shi ya sa ba na so darasin ya zama na tsoratarwa zalla. Ɗan ƙasa yana da 'yancin ya ce titin unguwarsu ya lalace, ya ɗauki hoton ajin da rufinsa ya yaye ya tambayi inda kuɗin gyara suka shiga. A koya masa bambancin suka mai hujja da ƙazafi, don mu sami matasa masu magana da hujja, ba masu zagi ba, ba kuma masu tsoron buɗe baki ba.

Wasu iyayen za su ce mafita a hana wayar baki ɗaya. Ba su yi laifi ba. Su kansu Facebook da TikTok da Instagram sun ce sai mai shekara 13, yaranmu ƙarin shekaru suke yi su shige. Ostareliya ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a kafafen sada zumunta, ta fara aiki a Disambar 2025. Ni ma ina goyon bayan hana waya a cikin aji, da jinkirta saya wa yaro tasa ta kansa. Manhajojin nan an gina su ne don su riƙe mutum, suna lura da abin da ya tsaya kallo su ƙaro masa irinsa, don daɗewarsa ita ce kuɗin tallarsu, kuma ya kamata a warware wa yara wannan dalla-dalla. Amma hani kaɗai jinkiri ne. Yaron da aka tsare har ya gama sakandare, ranar da ya sauka a harabar jami'a ta Samaru ko Kongo da sabuwar waya ba mai sa masa ido, kamar wanda bai taɓa zuwa ko kantin unguwa ba ne aka damƙa masa jari aka tura shi kasuwar Sabon Gari shi kaɗai. Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba: hanin ya fi faɗawa kan 'ya mace. Yayanta na da waya, ita ba ta da, sai ranar JAMB ta fara taɓa linzamin kwamfuta hannunta na rawa.

To wa zai koyar? Idan aka jira sai kowace makaranta ta sami ɗakin kwamfuta da ƙwararren malami, yaran da ke firamare yau za su yi aure ba a fara ba. Malaman da ke ƙasa su ne za su yi: na Hausa ya kawo saƙon murya a tantance, na tarbiyyar ɗan ƙasa ya ɗauki doka da 'yanci, na addini, a Islamiyya ko a coci, ya ɗauki haƙƙin mutane. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, guruf ɗin malamai da na iyaye ba su tsira daga tura labarin da ba a tantance ba. Horon daga kansu zai fara, kuma Zariya ba ta rasa inda za a yi ba: ga Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi a ABU, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga zuwa jami'a, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa nan kusa a Kaduna. Ɗaliban da ake turawa koyon aikin koyarwa kowace shekara za su iya shiga makarantu da darussan nan a hannu, rubuce da Hausa, da misalai daga wayoyin mutanen garin nan.

Su ma makarantun akwai gyara a kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar uba ko mai kula kafin a sarrafa bayanan yaro, amma makarantu masu zaman kansu da yawa na watsa hotunan ɗalibai da cikakkun sunayensu da sakamakonsu a Facebook don talla, ba tare da an tambayi kowa ba. Ƙungiyar iyaye da malamai ce wurin tayar da wannan magana.

Jarrabawar darasin kuma kada ta koma "kawo ma'anar kaza". A ba yaro saƙonni 3 a takarda, ɗaya na gaskiya, ɗaya na damfara, ɗaya tsohon labari da aka sake wa kwanan wata, a ce ya faɗi wanda zai tura wa Babansa, wanda ba zai tura ba, da dalilinsa a kan kowanne. Makin ya tafi ga dalilin.